Akwatin Da Na Yi Wa Guɗa

Assalamu alaikum matan wannan guruf, da masu karantawa su tofa albarkacin bakinsu, da masu karantawa su yi shiru kamar ba su gani ba. Duk ina ganin sunayenku. Ni ce Hajja Ladidi ta unguwar Dala. Hajjar irin ta Maiduguri ce, inda kowace tsohuwa Hajja ce, ban je ba tukuna, ku sa ni a addu'a. Wadda ta ga kuskure a rubutuna ta gyara a zuciyarta. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban ƙarasa ba, don malamar ta cika tambaya kuma ba ta ba da labari.

Yau zancen jikata Suwaiba zan ba ku. Ta ce kada in kuskura in rubuta. Ba ta gari, don haka ku gyara zama.

Suwaiba 'yar ɗana Mikail ce. Shekararta ashirin da shida, doguwa, wankan tarwaɗa, ga wushirya. Malama ce a wata ƙaramar sakandare a Khaddamari. Kullum da sassafe take ɗaura lafaya ta rataya jaka ta fita neman keke, ba ta dawowa sai la'asar, ƙafafu duk laka in damina ce. Bakina ta ɗauko, sai dai ita Allah ya haɗa mata da kwaɗo.

Tana da saurayi, Mahfuz, ɗan Lamisula, mai haɗa wa mutane sola. Yaro ne mai kunya da tsafta, hularsa kullum a wanke a kafe. Shekara uku yana zuwa zance. Bencin zaurenmu har ya lotsa daidai inda yake zama. Ya kawo tsire, ya kawo kifi banda, ya gyara mana fanka, ya sa mini soket a ɗakina. Abu ɗaya ne bai taɓa kawowa ba, shi ne manyansa. Yau sai ya gama gini, gobe sai yayansa ya dawo daga Kano. Na tare shi ran nan na ce, "Mahfuz, haya ka kama a zauren nan ne? A faɗa mini in riƙa share maka."

Ya sunkuyar da kai yana dariya. "Kaka, komai lokaci ne."

"Lokacin wa? Ni nawa ya kusa ƙarewa."

To bana sai wata gidauniya ta sa gasar rubutu tsakanin makarantun ƙauye. Aka ce kowane yaro ya rubuta wani aiki da ake yi a garinsu. Waɗanda suka ci za a kwashe su a dogon hutu a kai su Jos, sati biyu, su ga jami'a da gidan tarihi da gidan namun daji, a koya musu taɓa kwamfuta, ci da sha duk a kan gidauniya. A ajin Suwaiba akwai wata yarinya Fanna, 'yar wani manomin shinkafa da ake kira Ba Ajimi. Ita ta rubuta yadda take korar tsuntsaye a gonar ubanta, yadda ake jan igiya a rataye gwangwanaye, ita tana tsaye a kan rumfa tana ja tana ihu har muryarta ta dashe. Suwaiba ta karanta mini. Akwai inda yarinyar ta ce tsuntsaye sun san ranar Juma'a, don sai maza sun tafi masallaci suke saukowa da yawa. Na ce wannan yarinya tana da ido, da unguwarmu take da mun yi ƙawance.

Ta ci gasar. Sai ubanta ya kafa sharaɗi, ya ce 'yarsa ba ta kwana a wani gari sai in Malama Suwaiba na tare da ita, ƙafarta ƙafarta. Ba wata malama, ba wani malami. Gidauniya dama tana neman malamai mata masu rakiya, suka ce sun yarda. Kowa ya yi murna. Har nan ba laifina a ciki.

Ranar wata Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsince zogale. Mikail yana kasuwa, matarsa ta tafi gidan suna, Suwaiba tana makaranta. Sai ga farar jif ta tsaya a bakin lungunmu, ta kasa shigowa saboda ruwan da ya kwanta. Mata biyu suka fito cikin atamfa, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama. A bayansu direba ɗauke da sabon akwati a ka, ruwan hanta, ko ledarsa ba a cire ba. Haka suka tako lungun nan tun daga farkonsa har ƙofarmu.

Matan Maiduguri, ku faɗi gaskiya. Mata baƙi, sabon akwati, gidan da akwai budurwa. Me ke nan? Ba ƙofar da ba ta buɗe ba.

Babbar cikinsu ta zauna ta gaishe ni da ladabi. Sunanta Madam Florence, 'yar Biu, ita ke kula da tafiyar. Ta ce sun kai wa yara nasu akwatunan a makaranta, wannan na Malama ne, suka ga ya dace su kawo gida su gaishe da iyayenta. Ta lissafa mini abin da ke ciki, rigar sanyi, takalmin tafiya, lema, littattafai, da riguna masu tambarin gidauniya.

Ba zan ce muku na ruɗe ba. Na gane sarai. Amma da na ɗaga ido sai na ga rabin fuskar maƙwabciyata Ya Kellu a saman katanga. Na waiwaya na ga bencin nan da ya lotsa. Kawai sai na kama hancina na rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da ita tun bikin Mikail.

Madam Florence ta zabura. "Mama, lafiya?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Haka muke murna a gidan nan."

Ita ma 'yar Borno ce. Ta kalle ni, ta kalli katanga, ta rufe baki da hannu. "Mama, ni dai ba ruwana fa."

"Wa ya ce da ruwanki? Sha lemo."

Na hura kasko na zuba turaren wuta har hayaƙi ya haura gidaje uku. Na shimfiɗa dardumar da ba a fito da ita sai Sallah. Da za su tafi na jera musu tukuici a faranti, kwalbar humra da ta turare da ƙullin goro, na ɗauka da kaina na raka su har mota, ina tafiya a hankali don kowa ya gani.

Kafin in dawo tsakar gida ta cika. "Hajja, a buɗe mana mu sa albarka." Na ce sai ubanta ya dawo. Na ja akwati ɗakina na datse ƙofa. "Daga ina ne?" Na ce ku dai ku taya mu addu'a. Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran aikin direba ne ya yi. Ashe tun muna ciki Ya Kellu ta kai masa ruwa a kofi, ta ce ɗana daga ina. Bawan Allah ya faɗi gaskiyarsa, ya ce wata mai kamawa za su zo su ɗauki Malama su kai ta Jos.

Kafin azahar zance ya zama wani mutumin Jos ne ke nemanta, har ya samu gidan mai. Kafin la'asar gidajen man sun zama biyu, ga bene, matarsa ta fari kuma ta rasu ta bar yara. Ƙanwar Ya Kellu tana aure a Lamisula, katangarsu ɗaya da Hajja Inno, uwar Mahfuz. Na san da haka, in ba don haka ba me zai sa in wahalar da maƙogwarona?

Suwaiba ta dawo a gajiye, ta sa wayarta caji a ɗakina ta shiga wanka. Waya ta dinga haske. Na ɗauko tabarau, don kada a ce wani abu ya faru ban sani ba. Duk saƙonnin Mahfuz ne.

"Suwaiba ki ɗauka."

"Wai me nake ji?"

"Shekara uku fa, Suwaiba."

"Wane ne shi?"

"Don yana da gidan mai? Ni ma Allah bai manta da ni ba."

Dariya ta sa na sarƙe, ina tari ta shigo da ɗaurin ƙirji. Ta karɓe waya ta karanta, ta kalli akwati, ta shaƙi ƙamshin da ya cika ɗaki.

"Tsohuwa, me kika yi?"

"Guɗa."

"A kan me?"

"Rigar sanyi. An hana murna da rigar sanyi ne?"

Nan take ta kira shi ta bidiyo, ta farke ledar akwatin a gabansa, ta ɗaga masa riga da lema ɗaya bayan ɗaya. Ina jin muryarsa yana ta alhamdulillahi kamar wanda aka ciro daga rijiya. Ya yarda. Amma tsoro ya riga ya shige shi, kuma shi nake nema.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga kawunnansa cikin manyan riguna, da goro da alawa da kayan gaisuwa. Mikail ya karɓe su a zaure. Ni ina bayan ƙyaure, kunnena a jikin katako. Suka nemi aure, aka ba su, aka sa rana bayan damina. Na riga na kama hanci zan yi ta gaskiya, sai na ji babban kawun ya yi gyaran murya.

"Sai roƙo ɗaya daga uwar yaro. Tunda an sa rana, yarinya ta zauna a gida. Wannan tafiya ta Jos a bar ta."

Mikail ya ce, "Ai wannan ba wani abu ba ne. Dama yawon buɗe ido ne."

Aka shafa fatiha. Na saki hancina a hankali.

Hujjar Hajja Inno, kamar yadda Mahfuz ya faɗa wa Suwaiba a waya, ita ce duk Lamisula an san mutumin Jos ya kawo akwati. In yanzu aka ga yarinyar da ɗanta zai aura ta shiga motar mutanen nan ta tafi Jos ɗin, ta yi sati biyu, wa zai yarda rigar sanyi ce? Gaskiyarta ce, don ko ni aka kawo wa labarin ba zan yarda ba.

Suwaiba ba ta yi kuka ba. Ta samu ubanta yana alwala ta durƙusa.

"Baba, na yi wa mahaifin yarinyar nan alkawari."

"Ni kuma na yi wa manya alkawari a gaban shaidu. A nemi wata malama."

"Ba Ajimi bai yarda da wata ba."

"To ya riƙe 'yarsa. Jos ba za ta gudu ba."

"Baba, gasar ba a ci sau biyu. In ba ta je bana ba shi ke nan."

Ya zuba ruwa a ƙafa ya miƙe ya nufi masallaci. Ta koma kan Mahfuz, ya ce ya gwada, Hajja Inno ta ce in ya sake tayar da zancen ya je ya nemi wata uwar. Ni kuwa aka daina yi mini magana. Ta kawo tuwo ta ajiye, "Hajja, ga abinci," ta juya. Yarinyar da tun tana rarrafe take ce mini tsohuwa, yau ni ce Hajja. Na ture tuwon gefe.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya sai ga ta ta dawo daga Khaddamari da Fanna a bayanta. 'Yar siririya, baƙa, idanu manya, kanta ɗauke da ƙullin shinkafa wai inji uwarta a kawo mana godiya. Rana ta take, zafi kamar a gidan burodi, amma yarinyar nan tana cikin rigar sanyin gidauniya, ta ja zif har wuya, gumi na bin kumatunta.

"Wushe, Kaka," ta durƙusa har ƙasa.

"Lale, lale. Ke ba kya jin zafi?"

"Ina koyo ne, Kaka. Kada in je can ban iya sawa ba."

Ta zauna a bakin tabarma tana ta tambaya da Hausarta ta Barebari. Wai da gaske ne a Jos akwai dutsen da ya fi gidan nan girma? Ita dutsen niƙa kawai ta sani, a garinsu daga yashi sai laka. Wai in an hau ana ganin Maiduguri? Wai ƙannenta sun ce ta tsinto musu ƙanana ta zuba a aljihu.

Suwaiba ta naɗe hannu a ƙirji ta jingina da bango. "Fanna, Hajja tana da maganar da za ta faɗa miki a kan tafiyar nan."

Yarinya ta juyo da idanun nan ta zuba mini. Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba ko a gidan makoki.

Na ce, "Ki riƙa sa safa. Sanyin Jos ta ƙafa yake shiga."

Na tashi na shiga ɗaki na ciro lafayata ruwan zuma, wadda Mikail ya saya mini da Babbar Sallah. Na shafa humra, na zura awarwaro, na ƙulle farin goro a gefen mayafi. Na fita na tare keke na ce Lamisula.

Ban taɓa zama da Hajja Inno ba, sai dai hange a gidan biki. Na same ta a tsakar gida tana haɗa turaren wuta na sayarwa, babbar tukunya a kan gawayi, tana juya itacen sandal cikin narkakken sukari, kwalabe jere a tabarma. 'Yar ƙaramar mace ce, kwalli raɗau, murya ƙasa-ƙasa. Irin waɗannan su nake tsoro.

Muka gaisa da Hausa, muka koma Barbarci, muka dawo Hausa. Ta tambayi gwiwata, na tambayi bayanta. Ta yaba lafayata, na yaba turarenta. Na ba ta goro ta fasa ta miƙo mini rabi. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ba sauran ko akuya da ba mu tambaya ba, sannan na ce, "Hajja, a kan akwatin nan na zo."

"Na rigar sanyi?"

"Ashe kin sani."

"Tun ranar na sani. Wane mai neman aure ne zai aiko akwati ɗaya tal, kuma ranar Talata da hantsi, lokacin da maza ba sa gida?" Ta ci gaba da juya tukunya. "Ban ji haushi ba. Ni kaina na gaji da yi wa yaron nan magana. Kin yi mini aikin da na kasa."

Na ji sanyi a raina. Na ce, "To tunda haka ne, a bar yarinya ta je."

"A'a."

"Hajja, kin ce kin san gaskiya."

"Ni na sani. Lamisula ba ta sani ba. Jiya a gidan suna wata ta tambaye ni wai nawa muka biya mutumin Jos ya janye. Ni Inno. Ke kika kunna, Hajja Ladidi, ki kashe in gani."

Daidai nan Mahfuz ya shigo da sukundireba a hannu. Ya gan mu ya tsaya cak. "Hajja, ni dai da za a bar ta ta..."

"Fita," muka ce tare. Ya fita.

Na ba ta labarin Fanna, da gwangwanaye, da rigar da aka ja zif har wuya cikin rana. Na ga hannunta ya rage sauri a tukunya. Sai na fito da abin da na ƙulla tun a cikin keke.

"In babba ta bi ta fa? Tsohuwa mai mutunci, su tafi tare, su kwana ɗaki ɗaya, su dawo tare. Wa zai buɗe baki?"

Ta ɗago ta dube ni. "Masu tafiyar za su yarda?"

Na ciro waya na kira Madam Florence na sa a sifika. Tana ɗauka ta ce, "Mama mai guɗa! Yau kuma me aka kawo?" Na faɗa mata komai ban rage ba. Ta yi dariya har sai da ta nemi ruwa. Sannan ta ce gaskiya iyayen yara mata da yawa sun yi ta tambaya ko akwai dattijuwa a tafiyar, bari ta yi magana da shugabanta. Muka zauna jiran kira. Ni a zuciyata har na isa Jos. Na ga kaina a gaban mota, cikin rigar sanyi, ina cin dankalin Turawa, ina tara labarin da zan shekara ina ba Ya Kellu kaɗan-kaɗan.

Waya ta yi ƙara. "Mama, an yarda. Amma kujera ɗaya ce fa, ba ƙari."

Na ce, "Ɗaya ta isa, 'yata, ni ba ƙiba gare ni ba."

Hajja Inno ta sauke tukunya, ta goge hannu a zani, ta matso bakinta kusa da wayata.

"Madam, ki rubuta Hajja Inno, Lamisula."

Na ce, "Hajja, ai ni nake nufi."

"Na sani." Ta koma ta zauna. "Ki duba mana. In ke kika bi ta, cewa za a yi kakarta ta raka ta gidan mutumin Jos ganin ɗaki. Ke da kika yi guɗar. In ni uwar miji na bi ta, na zauna kusa da ita a mota a gaban kowa, wa ya isa?"

Jama'a, na juya maganar nan ta kowane gefe ina neman inda ta yage, ban samu ba. Madam Florence tana ta "Hello, Mama, wa zan rubuta?" Na ce ta rubuta abin da ta ji. Hajja Inno ta cika mini kwalba da sabon turare mai zafi, ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da keke da kanta. Mace mai tarbiyya. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba.

Mikail da ya ji daga gidan ango aka janye sharaɗi, ya ce shi dama ba shi da matsala. Fanna ba ta ma san an yi wani abu ba. Suwaiba kuwa ta zauna a bakin gadona ta dafe kai.

"Sati biyu?"

"Ke kika ce lallai yarinya ta je."

"Ɗaki ɗaya? Da uwar mijin da ko gaisuwa sai na haɗa gumi nake yi mata?"

"Za ki saba. Dama can za ki."

"Kin san ina munshari?"

"Yanzu ita ma za ta sani."

Ta jefe ni da filo. Na karɓa, don ya fi shirun nan sauƙi.

Jiya da safe aka tashi. Doguwar mota ta tsaya a filin makaranta a Khaddamari, yara maza da mata daga ƙauyuka sun yi layi da akwatuna iri ɗaya, iyaye sun kewaye su. Na je, ba zan bari a ba ni labari ba. Ba Ajimi ya zo da lakar gona a ƙafarsa, dogo, ba ya dariya. Ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Suwaiba, ya ce amana, ya juya da sauri yana gyara hula. Uwar Fanna tana ta cusa mata ƙullin gyaɗa a aljihu.

Sai ga keke ya tsaya. Hajja Inno ta sauko cikin farar lafaya mai zaren zinariya, Mahfuz a bayanta ya rungumo jaka da darduma da buta da kular abinci, har da kasko. Ta bi iyayen nan ɗaya bayan ɗaya tana gaisawa, tana cewa ita ce uwar mijin Malama, su kwantar da hankalinsu. Ta hau ta zaɓi kujerar taga, ta daddaɓa ta kusa da ita. Suwaiba ta zauna a ɗofane kamar a kan ƙaya, Fanna a gefenta ta leƙo kai tana ɗaga wa ubanta hannu. Mota ta tashi. Mahfuz ya tsaya yana ɗaga hannu har ƙura ta lafa, sannan ya juyo ya ce, "Kaka, anya kuwa?" Na ce ya je ya ƙarasa gininsa.

Na dawo gida na sa waya a cinya. Shiru har azahar. Shiru har la'asar. Na kira ba a ɗauka ba. Sai dab da magariba saƙo ya shigo, na lalubo tabarau.

"Mun iso lafiya. Fanna ta ƙi zama tun Bauchi, tana tsaye a taga."

Na ce alhamdulillahi. Wani ya shigo.

"Hajja ba ta iya doguwar tafiya ba. Tun kafin Damaturu take amai, ni na riƙe ta har muka iso. A cinyata ta yi barci. Yanzu 'yata take ce mini."

Na ce to madalla. Sai na uku.

"Da ta farfaɗo ta fara ba ni labari. Na Mahfuz, na kawunnansa, na duk Lamisula gida-gida. Har da dalilin da ya sa ƙanwar Ya Kellu ta bar gidan mijinta na fari. Ashe ke ba ki san komai ba a garin nan."

Na rubuta da sauri, har ina tsallake haruffa, "Me ya sa ta bari?"

Na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Na matso da waya kusa da tabarau.

"Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ta kira sunanki musamman. Sai da safe, ki sha maganinki."

Na kira sau ba adadi, waya a kashe. Yanzu haka da nake rubuta muku Ya Kellu ce tsaye a ƙofar ɗakina, ta kawo mini ɗanwake, tana murmushi tana cewa, "Hajja, wane labari daga Jos?" Ni kuma kallonta kawai nake yi.